Daminar da Ban Ji Sunana Ba

Kwana huɗu ke nan ina Bagudo, kuma kwana huɗu ke nan ruwa bai yi mana sallama ba. Ba ruwan nan mai tsawa da iska ba ne, wanda zai zo ya yi faɗansa ya wuce. Marka ce sosai, yayyafi mai naci, wanda ke sa ashana ta ƙi kamawa, gishiri ya jiƙe a gwangwani, tufafi su kwana uku a igiya suna warin danshi. An turo ni ne in koyar da ma'aikatan jinya na ƙauyuka aikin taimakon gaggawa: yadda ake tsayar da jini, yadda ake buɗe wa wanda ya suma hanyar numfashi, da yadda za a tantance wa za a fara gani in mutum goma sun faɗo asibiti lokaci ɗaya. Na zo da katuna masu launi uku, ja da rawaya da kore, na zo da mutum-mutumin roba da muke danna wa ƙirji. Yaran suna da ƙoƙari, ba laifi, ko da yake rabinsu ido na kan waya.

Jiya da hantsi ina tsakiyar bayani sai iska ta kwaso mini ƙamshin tafasa daga wani gida da ke bayan ajin. Wata ce ke dafa ganye. Na tsaya da jan kati a hannu, maganar ta ɓace mini sarai, har sai da wata ɗaliba ta ce, “Malama Luba, lafiya?” Na ce lafiya lau. Ban gaya mata na koma baya shekara talatin ba, na bar su da katin.

Waccan daminar ita ce ta ƙarshe a karatuna na jinya. Makaranta ta rarraba mu ƙauyuka mu yi wata huɗu muna koyon aiki, ni kuma aka jefa ni wani ɗan asibiti a nan yankin, a hayin gulbi, kusa da iyakar Benin, inda in ka bi burtalin shanu na rabin yini za ka shiga ƙasar da yara ke karatu da Faransanci. Ɗaki uku ne da rufin kwano mai yoyo, benci biyu a baranda, da wata ƙatuwar bishiyar bedi, wato dogon yaro, a tsakar fili. Mai riƙe da wurin ita ce Sista Kulu, doguwa, siririya, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Mijinta ya daɗe da rasuwa, Allah bai ba ta haihuwa ba, tana zaune a bayan asibitin da ƙanwarta Inna Tumba, wadda ke yi mana girki. Ba a taɓa turo mata ɗaliba ba sai ni, don babu mai son tsallaka gulbi da damina.

Ranar da na isa na durƙusa na gaishe ta, na miƙa takardata, na faɗi sunana har da na mahaifina, yadda aka koya mana. Ta karanta takardar, ta dube ni daga ɗankwali har takalmi, sannan ta ce, “Ke, kin iya hura wuta?”

Daga ranar na zama “Ke.” Ke, ɗauko almakashi. Ke, wanga hannu naki na aiki ne ko na ado? Abin da ya fi ci mini rai shi ne matar nan ba ta mance sunan kowa. Tsohon da ya zo ɗinkin rauni shekara biyar da suka wuce, ta san sunansa da na ƙauyensu. Jariran da ta karɓi haihuwarsu ta san su ɗaya bayan ɗaya. Har akuyarta tana da suna, Kyalla, kuma da shi take kiranta. Ni kuwa da na zo ta ɗaya a ajinmu shekara biyu a jere, ni da malamai ke nuna littafina ga sauran ɗalibai, ban kai akuya ba. Ina da girman kai a lokacin, ba na musu. Na ƙudurta a raina ba zan bar ƙauyen nan ba sai na ji ta buɗe baki ta ce Luba, ko da sau ɗaya ne.

Shekarar kuwa ta zo da wuya. Ambaliyar bara ta cinye shinkafar fadama, rumbuna suka yi ƙasa tun kafin a yi shuka, gero kuma bai ko fara ciki ba. Da asuba, bayan salla, aikina na farko shi ne in hura wuta da jiƙaƙƙen itace, hayaƙi na sa ni hawaye, in dafa sirinjin gilashi da allurai a wata tsohuwar tukunya har su tafasa. Daga nan shara, daga nan in jera kwanoni a wuraren da rufi ke yoyo. Inna Tumba za ta miƙo mana kunu ba sukari, tsararo, wanda in ka leƙa kana iya ganin gindin ƙoƙon. Da rana kwaɗon tafasa ne da ɗan ƙuli-ƙuli, ranar da aka samu. Da yamma tuwon dawa da miyar lalo, malmala ɗaya a raba uku. Na san yunwa a wannan damina, irin wadda ke sa kunne ya riƙa ƙara in ka miƙe da sauri. Sau da yawa Sista Kulu za ta gutsira sau biyu ta ture kwanon gabana ta ce, “Ke, cinye, cikina ba daɗi.” Ni kuma in cinye, ina cewa a raina matar nan ko abinci ba ta iya ci da mutane cikin daɗi.

Aikin asibiti bin gona yake yi. Da sassafe mata su kawo yara masu zazzaɓi kafin a fita, da hantsi wuri ya yi tsit sai kukan kwaɗi, bayan la'asar kuma a fara kawo waɗanda fartanya ta sara. Ranar da mutanen gari suka yi wa Sista gayya a 'yar gonarta ta bayan asibiti, har ni na karɓi fartanya. Mai ganga na gaba, samari sun jeru suna gasa, mata na guɗa, laka na kama ƙafa, ruwa na sauka a gadon baya. Ba a yi kunya biyu ba tafin hannuna ya kumbura ya fashe. Aka yi mini dariya har da tafi, wata tsohuwa ta ce hannun 'yan makaranta da auduga ake yin shi. Sista ba ta yi dariya ba, ba ta kuma tausaya ba. Ta wanke mini hannun, ta naɗe, ta ce gobe in tashi da wuri akwai ɗinki.

Koyarwarta duk da hannu ce. Mahaucin gari ya ba mu fatar akuya, na yi ta ɗinke ta ina warwarewa har ta fara wari. Duk wanda ya shigo, ko gaisuwa ya zo, sai na kama wuyan hannunsa na ƙirga bugun jininsa, in faɗa, ita ma ta kama ta ji ko na yi ƙarya. In aka kawo yaro yana jijjiga, kafin uwar ta gama salati Sista ta kwantar da shi a gefe ɗaya, ta hana a cusa masa cokali a baki, ta hana a ɗura masa komai. Ba ta gudu, ba ta ɗaga murya, amma ban taɓa ganin hannu mai sauri irin nata ba. In na yi daidai ba ta cewa komai. In na yi kuskure ta ce, “Sake.”

Abin da muka fi tsoro shi ne kububuwa. Da damina tana kwanciya a gindin ciyawa, ta sari mai noma ko makiyayi, kuma sharrinta ba ya nunawa da wuri. Mutum zai iya kwana yana tafiya da ƙafarsa alhali jininsa ya daina daskarewa, yana tsiyaya a ciki. Sista tana da wata 'yar kwalbar gilashi, tsawon ɗan yatsa, da take wankewa da kanta ta shanya. In aka kawo wanda maciji ya sara sai ta ɗebi jininsa kaɗan ta zuba a ciki, a ajiye minti ashirin ba a taɓa ba, sannan ta karkata kwalbar. In jinin ya daskare, da sauƙi. In ya gangaro kamar ruwa, dafi ya shiga, sai allurar maganin dafi. A tsakiyar markar nan kwalabe biyu kacal suka rage mana na maganin, a cikin firij mai kananzir, hanyar mota kuma ruwa ya yanke ta.

Ranar da nake son ba da labari ranar kasuwa ce. Tun da asuba aka zo aka tafi da Sista cikin gari wajen wata mai naƙuda da ta kwana biyu tana fama. Tana ɗaura ɗankwali ta ce, “Ke, ga wuri nan.” Karo na farko ke nan da ta bar mini asibiti ni kaɗai, raina ya yi fari ƙal. Na ce yau ce ranar da za ta dawo ta tarar da komai tsaf, ta rasa abin cewa sai sunana.

Wajen ƙarfe tara aka shigo da wani ɗan kasuwa, mutumin Kamba, ƙato, mutum huɗu na riƙe da shi. Kunama ce ta harbe shi a yatsa yana kwance buhu. Ihu yake yana kiran uwarsa, yana cewa a rubuta wasiyya, abokan tafiyarsa kowa na ba ni umarni. Baranda ta cika. Ina cikin wannan hayaniya na hangi wani saurayi Bafulatani, zai yi shekara ashirin da biyar, tsaye a bakin baranda ya dogara da sandarsa. Can ƙarƙashin bedi kuma wata dattijuwa ta zauna a kan saiwa, ta ba mu baya.

Na leƙa na ce masa, “Sannu. Me ke damunka?”

Ya ce, “Da sauƙi.”

Na ce na san da sauƙi, amma me ya kawo shi. Ya nuna ƙafarsa da haɓa, ya ce igiyar ƙasa ce ta taɓa shi jiya da maraice wajen kiwo. Na duba. Ƙafar ta ɗan kumbura zuwa idon sawu, ba wani abin tashin hankali ba. Ba ya nishi, ba ya gumi, idonsa a bushe. Na ɗaga murya na tambayi dattijuwar, “Inna, ke kika kawo shi?”

Ba ta juyo ba. Ta ce, “Hanya ta gama ni da shi.”

“Ya yi amai? Ya kwana lafiya?”

“Ga shi nan, tambaye shi. Ni ban sani ba.”

A makaranta an koya mana mu lura da wanda ya rako majinyaci, wai hankalinsa in ya tashi alama ce. Na dubi wannan mata da ko kallonsa ba ta yi, na dubi mutumin Kamba da ke birgima a ƙasa, na yanke hukunci. Na ce a raina ba kowane maciji ke da dafi ba, wanda ya kwana kuma ya tako da ƙafarsa zai iya jira. Na ce masa ya zauna a benci ina zuwa. Ban kama wuyan hannunsa ba. Ban ɗauko kwalbar ba. Na koma na yi wa ɗan kasuwa allurar kashe zafi a gindin yatsa, na zauna da shi har ya lafa, ya shiga sa mini albarka yana cewa bai taɓa ganin likita irina ba. Daɗin wannan yabo ya ratsa ni. Na ga yara uku masu zazzaɓi, na wanke wani gyambo. Sa'a biyu suka wuce, saurayin na zaune inda na ajiye shi.

Wajen sha ɗaya Sista ta dawo, ruwa ya jiƙe ta sharkaf, ta ce an sauka lafiya, mace. Na buɗe baki zan fara lissafa mata abin da na yi, sai na ga ba ni take kallo ba. Ba ma saurayin take kallo ba. Ta tsaya cak tana kallon bayan dattijuwar nan ta ƙarƙashin bedi. Ta taka ta je, ta tsuguna a gefenta, ni ma na bi.

Sai a lokacin na ga abin da ya kamata in gani tun da safe. Laka ta bushe a ƙafafun matar har gwiwa, ƙaya ta yayyage mata ƙwauri. Zanenta a bai-bai ta ɗaura shi. Ranar kasuwa ce, amma ba ta da ƙwaryar nono, ba ta da ko faifai. Ta ba da baya, gaskiya ne, sai dai ta karkatar da kai yadda kunnenta ɗaya ke fuskantar bencin.

Sista ta yi mata sannu a hankali, ta tambayi daga ina. Ta ce daga rugarsu, can hayin iyaka, tun kafin asuba suka taso. Sista ta ce, “Na fari ne?”

Matar ta ja gefen mayafinta ta rufe baki.

Sista ta miƙe zumbur. “Ke! Kwalba!”

Ni Bahaushiya ce, a cikin wannan al'ada na tashi. Uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan yayana ba, ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, in yana ciwo sai dai ta aiki kakarmu ta dubo shi. Na san kunyar ɗan fari kamar yadda na san sunana, na kuma san ta Fulani ta fi tamu tsanani. Amma na sa farar riga na riƙe littafi, sai na mance da abin da ko yarinyar da ke talla ta sani.

Sista ta ɗaga leɓen saurayin da babban yatsa. Dasashinsa jini ne ke tsattsafowa ta ko'ina. Ashe tun dare yake haɗiye shi, don kada ya tofar a gaban uwarsa. Na kama wuyan hannunsa, bugun na gudu, siriri, da kyar nake jinsa. Muka ɗebi jini muka zuba a kwalba, amma Sista ta ce dasashin ya riga ya ba da amsa, ba za ta jira ba. Muna kai shi gado ya sulale. Ta ce in sa masa ƙarin ruwa. Jijiyoyinsa sun kwanta, na soka na kuskure, wurin ya shiga zubar da jini ba tsayawa. Na ɗago ina jiran ta karɓa. Ta danne wurin da auduga, ta ce, “Sake.” Na sake a ɗaya hannun, Allah ya taimake ni na samu. Ta haɗa maganin dafin, kwalabe biyun nan duka, ta ajiye allurar ko-ta-kwana a kusa saboda wani jikin ba ya karɓar maganin, ta ce in zauna in riƙe hannunsa in riƙa ƙirgawa. Da minti ashirin suka cika ta karkata 'yar kwalbar a gaban idona, jinin ya gangaro kamar jan shayi.

Na ɗauko rajista in rubuta, na ga ban san sunansa ba. Na je ƙarƙashin bedi na tambayi uwar. Ta ce in jira ya tashi ya faɗa da kansa. Na bar gurbin a buɗe, ina tsoron abin da zan rubuta a ƙarshen layin.

Sa'a shida ake jira kafin a sake gwada jini. Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Ruwa ya dawo bayan azahar, yana buga kwano har ba ka jin maganar na kusa da kai. Inna Tumba ta fita da buhu a ka ta roƙi matar ta shigo baranda, ta ƙi. Ta kai mata kunu, yana nan a gefenta ruwan sama ya cika ƙoƙon. Ni ina zaune da hannun ɗanta a nawa, ina ƙirge, ina roƙon Allah, ina lissafin sa'a biyun nan da na ba mai harbin kunama. Sista ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Sau ɗaya kawai, tana gyara ruwan, ta ce ba tare da ta dube ni ba, “Mai kuwwa yana da ƙarfin kuwwa, shi yana iya jira. In kin shiga wuri ki nemi wanda ya yi shiru, ki nemi wadda ta ƙi kallo nai. Wanga ba shi cikin littafinku.”

Bayan la'asar sakaliya muka sake ɗibar jini. Muka ajiye kwalbar a kan taga, mu biyu muka zura mata ido. Minti ashirin suka cika. Sista ta miƙo mini ta ce ni zan karkata. Na karkata, jinin ya tsaya cak a gindin kwalba. Na kifa ta gaba ɗaya, bai motsa ba. Kuka ya ƙwace mini. Saurayin ya buɗe ido ya ce sunansa Buba, ya tambaya ko an mayar da shanu.

Sista ta ce in je in gaya wa uwar. Na je na ce, “Inna, jini ya tsaya. Zai tashi in Allah ya so.” Ta ce, “To.” Ta dafa bedi za ta miƙe, sai ta koma ta zauna. Ta jima tana kallon ƙasa, sannan ta ce, kamar da bishiyar take magana, “Bai ci komi ba tun jiya.” Ba ta shiga ta gan shi ba. Kafin magariba ta kama hanya, washegari da hantsi kuma sai ga ta da ƙwaryar kindirmo, ta dire a ƙofar Inna Tumba ta koma ƙarƙashin bedi. Na sha nono a wurare da yawa bayan nan, ban sake shan irin wannan ba. Mai kauri ne, mai sanyi, da ɗan ƙamshin hayaƙi, ya sauka a cikin da ya yi wata biyu yana cin ganye.

Kwana biyar Buba ya yi ya tafi da ƙafarsa, uwar na gaba da nisa kamar ba tare suke ba. Marka ta wuce, gero ya nuna, muka ci tumu har muka ƙoshi, ruwa ya fara janyewa daga hanya. Na ƙara iya aiki, na rage surutu. Sunana dai ban ji shi ba, kuma na daina sa rai, don na ɗauka bayan abin da na yi wa Buba ban cancanta ba.

Ranar tafiyata Sista ta sa hannu a littafina. Ta ɗauko 'yar kwalbar nan ta naɗe a ƙyalle ta cusa mini a jaka, ta ce tana da wata. Na durƙusa ina neman gafara ina godiya, ita kuwa ta ɗauki tsintsiya ta juya mini baya ta hau sharar barandar da na riga na share. Ta ce, “Ke, tashi, jirgi ba ya jiranki.” Inna Tumba ce ta raka ni bakin gulbi. Na shiga kwalekwale da fushi, na zauna na fuskanci gaba, na rantse ba zan waiwaya ba, ban kuwa waiwaya ba.

Daga nan rayuwa ta ja ni. Na yi aiki a manyan asibitoci, na ƙaro karatu a kan taimakon gaggawa, na yi aure, na haifi nawa. Da Salla nakan aika wa Sista turmin zane, mai kaiwa ya dawo ya ce, “Ta ce ta gani.” Shi ke nan. Sai na ce to, wanda bai damu da kai ba ba ka takura masa, na yi ta ɗaga zuwa daga bana sai baɗi. Shekara bakwai da suka wuce, ita ma da damina, aka bugo mini waya aka ce Sista Kulu ta rasu.

Na isa ranar addu'ar uku. Gidan ya cika da ma'aikatan jinya, ɗalibanta na bayana, don bayan ni an yi ta turo mata su. Kowa na ba da labarin yadda take kiransa, wannan ta sa masa laƙabi, waccan tana ja mata suna in za ta yi mata faɗa. Ina jin su, wani tsohon ciwo na taso mini. Inna Tumba ta tsufa, ido ya yi rauni. Na durƙusa na ce ni ce Luba. Ta laluba ta kama fuskata da hannu biyu ta fashe da kuka.

“Ke ce wadda ba a faɗin sunanta gidan ga,” in ji ta. “Tun randa takardar makarantarku ta iso, ke ba ki zo ba tukuna, ta ce mini, Tumba, Allah ya ba ni ta fari da tsufana. In za ta yi zancenki sai ta ce waccan ta farin. Ranar da kinka tahi, ina dawowa daga rakiya na iske ta bayan kukar bakin gulbi, da tsintsiya a hannu, tana kallon jirginku har ya ɓace. Kwana biyu ba ta ci abinci ba.”

Ta sa aka jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Zannuwana ne a ciki, duk wanda na taɓa aikowa, a ninke, ba a yanka ko ɗaya ba.

Tun da na fara koyarwa nake ba ɗalibai labarin Buba. Jiya ma, da na dawo hayyacina, shi na ba su. Na ajiye katunan na fiddo 'yar kwalbar daga jaka, na ce musu kati ba ya ganin zanen da aka ɗaura a bai-bai, su za su gani. Suka rubuta. Abin da ban taɓa gaya wa kowane aji ba shi ne, matar da ta koya mini karanta bayan uwa a yini ɗaya, ita ma ta juya mini nata bayan, da tsintsiya a hannu, na kasa karantawa shekara ashirin da uku.

Yanzu ko'ina na shiga sunana nake ji. Malama Luba, Hajiya Luba, a lasifika ma an sha kiransa. Yau da safe ruwa ya ɗan tsagaita, na roƙi direba ya kai ni bakin gulbi kafin a shiga aji. Ruwa ya cika ya yi ja, kwalekwale na ta tsallakawa da mata da buhuna, hayin can ya yi kore shar. Na daɗe a tsaye. Ina kewarta ƙwarai, kewar da ban san inda zan kai ta ba. Da za a ce in zaɓi abu ɗaya daga waccan daminar a dawo mini da shi, ba zan ce ta kira sunana ba. So nake in ji muryar nan daga baranda, cikin ƙarar ruwa a kan kwano, ta ce, “Ke, taho nan.”